Kawuna Ba Shi Da Rumfa

Zuwa ga manyanmu biyu masu neman kujerar wakilcin wannan yanki a zaɓen da ke tafe: Alhaji mai mota da lasifika, da Malam mai keke da jakar takardu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, irin ta 'ya ga iyayenta, ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ku da iyalanku, da motar, da keken. Ina roƙon Edita ya daure ya buga ta duka, ko da zai ƙanƙanta baƙaƙen.

Sunana Hauwa'u, 'yar aji bakwai, daga Unguwar Marke, wani ɗan ƙauye da ke gefen hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi. Ba ni da ƙuri'a saboda ni yarinya ce, in na girma ma ba ni da ita saboda ni mace ce. Kuna iya ajiye jaridar daga nan. Amma kafin ku ajiye, ku sani ni ke karanta wa Baba takardun jam'iyyunku, shi da dattawan da ke taruwa a zaurenmu bayan la'asar. Su suna zaure, ni ina bayan zana. Su ke da ƙuri'a, ni ke da boko.

Ba ku san ni ba. Da za mu haɗu a hanya ba za ku ji muryata ba, don ko malamin lissafi ne ya kira sunana a aji sai in ji kamar in shige ƙarƙashin benci. Shi ya sa na zaɓi takarda, ita ba ta kallon mutum. Saboda wannan sunkuyar da kai nawa ban taɓa ganin fuskar ko ɗayanku ba. Takalmanku na sani. Alhaji yana da baƙin sau-ciki mai sheƙi, na dama ya ɗan cinye ta gefen dunduniya. Malam yana da jan fade, an ɗinke maɗaurin na hagu da farin zare. In na yi kuskure ku duba ƙafafunku yanzu.

Ga abin da ya sa na rubuto.

Na ɗaya, maganar Kawuna.

Sunansa Mati, ƙanin Innata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Garinsu yana can bayan Maraɗi, ƙasar da tsofaffinmu har gobe suke ce wa Faransa. Baba ya auro Inna daga can lokacin yana fataucin goro. Iyayensu sun rasu, kuma duk danginta Kawu kaɗai take gani da ido. Kowace shekara, da ya gama zuba geronsa a rumbu, sai ya taho cin rani, rabi a ƙafa rabi a bayan motar kaya, ya sauka a zaurenmu, ya yi dako a rumfar awon auduga har ruwan farko. Yana zuwa da cuku a ƙunshe cikin tsumma, da labarin wa ya haihu, wa ya mutu, wace rijiya ta ƙafe. Inna takan sa shi ya maimaita mata labari ɗaya sau uku, tana tankaɗe tana gyara masa sunayen mutanen da ta bari tun tana budurwa.

Shi ke sayo mini littattafai in motar kamfani ta kai shi Funtuwa. Bai iya karatu ba, don haka da bango yake zaɓa. In ya ga fure, ko mace ta dafe ƙirji tana kallon nesa, sai ya biya. Yawanci yana dacewa. Sau ɗaya ya kawo mini wani mai farin fure a bango, na ɓoye shi ƙarƙashin tabarma kwana biyu ina ɗoki, ashe bayani ne kan yadda ake fesa wa auduga maganin tsutsa. Na karanta har shafin ƙarshe ko za a yi aure. Ba a yi ba.

Wannan mutumin ya biya harajin garinsu, wanda suke kira lanho. Ya zo nan, mai unguwarmu ya rubuta shi a gidanmu, ya biya namu. Takardun biyu suna cikin wata 'yar jakar fata da yake ratayawa a wuya kamar laya. Ko wanka zai yi sai ya ba Baba ya riƙe masa.

Na biyu, maganar kamfanin da ke ƙaura sau ɗaya a shekara.

Akwai rafi tsakaninmu da ƙetare. Da damina sai namiji ya tuɓe riga, da rani ko akuya ba ta jiƙa ƙafa. Amma a takarda babban kogi ne. Nan ƙasar hakimi ɗaya ce, can ƙasar wani, kowa da malamin harajinsa, kowa da ranar zagayensa. Namu ke riga zuwa. Na ƙetare sai bayan mako biyu ko uku.

Rumfar awon da Kawu ke dako tana ƙetare. Ta ɗaya daga cikin kamfanonin nan ce masu sayen auduga da gyaɗa. Ba zan kira sunansa ba, ku biyu kun fi ni saninsa. Yadda Baba ya yi mini bayani, duk mai rumfar awo yana biyan En'e, wato hukumar gargajiya, kuɗin fili da na ciniki a ƙasar da rumfarsa take. Ana kuma gane mai rumfa da allonsa, wani faffaɗan katako mai shuɗin fenti, da sunan kamfani da lambar lasisi a jiki. In babu shi a rataye, mai duba auduga ba ya yarda a ɗora ko buhu ɗaya a kan sikeli.

To, duk ranar da malamin ƙetare zai zo zagaye, kamfani sai ya tashi da marmarin yawo. Tun da hantsi Akawu, wani mai farin takalmin kambas da yake shafa wa alli, zai sa a kwance allo, a ɗora sikeli kan sanduna, ƙarti huɗu su ɗauka kamar gadon amarya, a ƙetaro rafi, a ajiye gindin tsamiyar ƙofar gidanmu. Ranar nan kamfani ɗan unguwarmu ne. Malaminmu kuwa ya riga ya wuce da littafinsa, sai baɗi.

Rumfar da aka bari wayam, Kawu ake zaunarwa a ciki don kada awaki su cinye zanar. Akawu ya koya masa magana ɗaya: in an tambaye ka ta wa ce, ka ce taka ce, inuwa kake sha. Ladan wannan magana goro biyu da sisi.

Shekara da shekaru haka ake yi, tun ina ganin abin wasa ne ina bin sikeli da tafi. Tsohon malamin ƙetare mai ciwon gwiwa ne, ba ya son sauka daga keke. Yakan dogara ƙafa daga nesa, ya kare ido da hannu, ya rubuta kango, ya wuce gidan Akawu shan shayi. Washegari kamfani ya koma ɗakinsa.

Baba ya taɓa tambayar Akawu, cikin raha, shin su ina suke biyan nasu. Akawu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce haba dattijo, irinmu ai ba a ƙauye muke biya ba, a Ikko muke biya. Malamarmu ta Turanci, wadda wanta ke aiki a Ikko, ta ce a can kuma in an tambayi irinsu sai su ce a Ingila suke biya. Ban san abin da suke faɗa a Ingila ba. Ina jin cewa suke a Unguwar Marke suke biya.

Na uku, abin da ya faru bana.

Tsohon malamin ya yi murabus. Aka turo sabo, saurayi, bai daɗe da barin makaranta ba, takalminsa ma har yanzu kuka yake in ya taka. Babu wanda ya gaya masa akwai shayi. Ya sauka daga keke, ya shiga rumfa, ya yi sallama, ya ce wa Kawu, Baba rumfar nan ta wa ce. Kawu ya ce tawa ce. Ya ce ka tabbata? Kawu, da yake mutum ne da in ya karɓi goronka ba ya ba ka kunya, ya dafa ƙirji ya ce tawa ce yaro, inuwa nake sha.

Sabon malami ya auna rumfar da taku. Ya duƙa ya tsinci auduga a ƙasa. Ya ga gurbin ƙafafun sikeli guda huɗu. Ya zauna ya rubuta: Mati, baƙo, mai rumfar awon auduga. Ya miƙo tawada, Kawu ya dangwala. Ya ba shi takarda.

Da azahar Kawu ya shigo gida yana murmushi, ya miƙo mini, ya ce 'yar Yaya karanta mana, yaron nan mai ladabi ya ba ni shaidar na iya gadi. Na karanta a zuci tukuna. Sannan na karanta a fili. Abin da ke rubuce a jikinta, ko Kawu ya yi dako rani uku bai sayi ko ƙosai ba, ba zai haɗa shi ba. An ba shi zuwa kasuwar da ke bin zaɓe. In bai biya ba sai gaban alƙali, kuma mai unguwa ya ce abin da aka saba yi wa baƙo a irin wannan shi ne 'yan doka su raka shi iyaka, a ce kada ya sake dawowa.

Kawu ya ruga wurin Akawu. Akawu ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, wace rumfa? Kai da bakinka ka ce taka ce. Allah ya sa albarka a ciniki, Alhaji Mati.

Yanzu sunan ya bi shi. 'Yan dako in sun hango shi sai su durƙusa, ranka ya daɗe mai kamfani, a ƙara mana kuɗin buhu. Yana dariya, yana ce musu duk ya kore su daga aiki. Amma na ga ya ɗaure ƙunshinsa ya tura bayan tabarma. Na kuma ji ya ce wa Inna, Yaya in suka fitar da ni a gaban mutane, ko an yafe daga baya ba zan iya sake haɗa ido da garin nan ba. Tun ranar Inna ba ta sake ce masa ya maimaita labari ba.

Na huɗu, zuwa ga Alhaji, ranka ya daɗe.

Zan fara da yabo don kada a ce ba ni da tarbiyya. Makarantar da na koyi wannan rubutu a zamanin jam'iyyarku aka gina ta. Kun ga abin da kuka jawo wa kanku.

Ranar kasuwar da ta wuce ka zo lacca. Motar ta kasa haye yashin rafi, aka kwance lasifikar aka ɗaura a kan doguwar gora, aka nemi ƙaƙƙarfan da zai riƙe. Ina tsaye bayan masu daddawa. Na ji ka ce baƙi sun cika mana ƙasa, suna shigowa ba sallama, suna cin arzikinmu, suna buɗe rumfuna, in an ce haraji su ce ba su da shi. Ka ce ga misali nan a ƙetare, wani Mati, kuma in aka zaɓe ku irinsa sai sun koma inda suka fito.

Ranka ya daɗe, wanda ke riƙe da gorar shi ne Matin. Duk kasuwa ta juya tana kallonsa, shi kuma yana ta ƙoƙarin saita lasifikar ta fuskanci inda mutane suka fi yawa, don an ce masa aikinsa ke nan. Da ya sake ta da jawabin ya ƙare a nan. Bai sake ba. Da Baba ya tambaye shi dalili, cewa ya yi an riga an ba shi ladansa, taro, kwabo uku.

Ina so in tambaya cikin ladabi. Tsakanin mutumin da ke yawo da takardun haraji biyu a wuya, da ta uku a aljihu, da kamfanin da ba shi da ko ɗaya, wane ne ya shigo ba sallama? Kawu iyakar ƙasa ɗaya yake ƙetarewa a shekara, kuma yana biya kafin ya ƙetare da bayan ya ƙetare. Kamfani rafi yake ƙetarewa, a kan mutane, kuma shi ma masu shi ba 'yan ƙasar nan ba ne. In baƙi za a kora, a fara da wanda ya fi nisan gida.

Na biyar, zuwa ga Malam, Allah ya gafarta maka.

Kai ma zan fara da yabo. Ka zo har zaurenmu, ka zauna a tabarma ɗaya da Kawu, ka ci tuwo da hannu ba ka nemi cokali ba. Ka kira shi ɗan'uwa. Ka ce talaka ba shi da iyakar ƙasa, yunwar Maraɗi da ta Malumfashi uwarsu ɗaya. Ina bayan zana na kasa kunne. Na ma rubuta maganar a bayan littafin lissafina, wurin da nake ajiye kalmomi masu daɗi.

Sai ka kawo shawara. Ka ce kada ya biya, kada kuma ya gudu, ya bari a ɗaure shi. Za ku yi masa waƙa, za ku kai sunansa har Kaduna. Kawu ya ce to Malam, in damina ta faɗi ina ɗaure, wa zai shuka mini gero? Ka ce tarihi ba zai manta da shi ba. Kawu ya ce, shi tarihin yana da hauya?

Baba ya ce ba sai an yi waƙa ba. Abu ɗaya ake so, ka raka su ofishin hakimin ƙetare, kai mai bakin magana, ka faɗi abin da kowa ya sani, cewa rumfar ta kamfani ce. Sai ka duba agogo, ka ce kana da taro a Matazu, can bayan Malumfashi. Da na leƙa, na ga ƙurar keken ta yi wajen Funtuwa. Ban san ko an sauya wa Matazu wuri ba.

Na karanta takardunku kaf, Malam. Kuna zagin kamfanoni zagi mai kyau, har dattawa sukan ce in maimaita. Amma kullum kamfanoni ne, a dunƙule, can sama. Ban taɓa cin karo da layin da aka ce wannan kamfani, mai wannan rumfa, a bakin wannan rafi ba.

Na shida. Wannan na fi jin kunyar rubutawa, amma na riga na fara.

Kowace Juma'a Inna takan aike ni da kwalbar man gyaɗa wurin matar Akawu. Hanyar shiga ta gaban ɗakin baƙinsa take, kuma kun san inda idona yake. Wata Juma'a na ga baƙin sau-ciki a bakin ƙofa, na dama ya cinye ta gefen dunduniya. A waje direba yana zuƙo fetur daga duron kamfani yana zuba wa mota. Juma'ar da ta biyo na ga jan fade mai farin zare. A waje ga keke da sababbin tayu gaba da baya, an ɗaure ƙunshin farar takarda a kariyar bayansa, irin wadda kamfani ke rubuta awo.

Ban ce komai ba. Wataƙila gaisuwa kuka je. Wataƙila ma takalman ne suka je su kaɗai.

A littattafan da nake karantawa kullum samari biyu ne. Ɗaya yana da gida da mota, amma ba ya saurare in yarinyar tana magana. Ɗaya ba shi da komai sai baki mai zaƙi da idanu masu sa tausayi. Yarinyar tana ta ruɗewa har babi na kusa da ƙarshe, sai gobara ta tashi, ko ƙaninta ya faɗa kogi, ɗaya ya tsaya yana ba da umarni daga bakin gaɓa, ɗaya ya faɗa ruwan da rigarsa. A nan take ganewa. Ni kuma a nan nake kuka. Na karanta masu yawa, har waɗanda bangonsu ya cire, amma ban taɓa karanta wanda samarin biyu ke zuwa cin tuwo gidan mugun ba, ɗaya wannan Juma'a ɗaya waccan.

Dattawan zaure sun tambaye ni, 'yar boko, ke da kike ganin baƙaƙen, mene ne bambancin takardun nan biyu? Na ce ta Alhaji ta fi kauri, mai ƙosai ta fi son ta. Ta Malam ta fi daɗin karatu. Suka ce shi ke nan? Na ce ku ba ni zuwa kasuwa mai zuwa. Har yau da murya ɗaya nake karanta musu takardunku duka, ba na ƙarawa ba na ragewa, Allah shaida. Amma in ina karanta wa ƙawayena labari a bayan aji na iya muryar jarumi, na kuma iya ta maƙaryaci, kuma sun ce ta biyun ta fi fita.

Na bakwai, inda allon yake.

Na san Akawu yana ta faɗa a gari an sace masa allo. Ba a sace ba. Ranar da na karanta wa Kawu takardar harajin nan, allo da sikeli suna nan gindin tsamiya inda su da kansu suka ajiye. Inna ta saurara har na kai ƙarshe. Ta ajiye rariya, ta yafa mayafi, ta fita ƙofar gida da rana tsaka, ta ɗora allon a ka kamar daurin itace, ta shigo da shi, ta kwantar a kan duwatsu huɗu a tsakar gida. Ta yanka kuɓewa ta shanya a kai.

Da safe Akawu ya zo da 'yan dako. Sikeli suka samu. Baba yana zaure yana jan carbi, ya ce allo yana ciki wurin mai ɗakina, ajiya ce, ku kuka kawo ƙofarmu, ni kuwa ba na shiga maganar mata. Akawu ya yi taku biyu ya tsaya, don duk iliminsa ya san namiji ba ya wuce zauren mutane. Ya yi ta magana da bango, da Hausa, da Turanci. Inna tana daka.

Ya turo ɗan doka. Ya zo ya yi sallama sau uku, Inna ta aika masa da fura, ya sha, ya ce Allah ya ƙara rufin asiri, ya tafi. Ya turo matarsa, ita kam ta shiga. Ta tsaya ta duba, ta ce kai Yaya, ashe haka fentin nan yake busar da kuɓewa, ba ta kama ƙasa ko kaɗan. Ta koma da ƙunshi guda a bakin zane. Ya aika Zariya a yi masa sabo, aka ce mai fentin ba shi da sarari sai bayan zaɓe, allunan jam'iyyunku sun yi masa yawa. Wannan ne taimako na farko da kuka yi mana, mun gode.

Yanzu dai kamfani yana kulle a gidanmu. Yana lafiya. Kaji kaɗai ke damunsa.

Amma ba zan ɓoye muku ba, abin ya daina ba ni dariya. Rumfa a rufe take, mai duba auduga ya ƙi a yi awo. Audugar mutane tana tare a gida, har da ta Baba, ga haraji ga hidima. Waɗansu maƙwabta sun fara ce wa Baba saboda baƙo ɗaya za a kashe gari. Jiya wata da muke ɗebo ruwa tare ba ta amsa gaisuwata ba. Kawu ya ce wa Inna ta mayar, shi zai tafi. Ta ce ka zauna, ban gama shanya ba.

Sharaɗinta ɗaya ne, kuma ba tsada. Mai allo ya zo gindin tsamiya, gaban mai unguwa da sabon malamin ƙetare, ya ce allon nan nawa ne, daga rumfata aka ciro shi. Shi ke nan. Ni da kaina zan wanke shi da sabulu in miƙa ta bayan zana.

Don haka ga roƙona.

Ɗayanku, ko wanne, ya riƙo hannun Akawu ya kawo shi gindin tsamiyar nan kafin wa'adi, ya tsaya har a faɗi maganar, a goge sunan Kawu daga littafin ƙetare a rubuta na mai rumfa. Tunda ku biyu kun san hanyar gidansa, ba sai na yi kwatance ba.

Alhaji ya dawo da lasifikarsa kasuwar da ya kira sunan Kawu, ya gyara maganar da irin ƙarar da ya ɓata ta.

Malam ya rubuta sunan kamfani ɗaya, ɗaya tak, a takardarsa mai zuwa. In wurin ya yi kaɗan a rage zagin sauran.

Duk wanda ya ci, ya sa malaman haraji na nan da na ƙetare su riƙa fita rana ɗaya, mu ga inda za a kai sikeli.

Kuma don Allah kada a taɓa sabon malamin. Na ji ana raɗe-raɗin za a tura shi wani daji saboda ya jawo rigima. A duk wannan labari shi kaɗai ya yi aikin da ake biyansa. Tambaya ya yi, aka ba shi amsa, ya rubuta.

Ina roƙon Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Ya tsare motar daga yashi, ya tsare keken daga ƙaya. Ya ba da kujerar ga wanda zai fi tsoronsa a kanta, wanda ya faɗi kuma ya ba shi haƙuri da sana'a. Ya yafe mini in na yi wa manya tsaurin ido, don Baba bai san na rubuto ba, zai ji ne ranar da jaridar ta iso zaure aka miƙo mini in karanta.

In kun zo ku yi sallama da ƙarfi, ku tsaya a zaure. Kada kuma ku yi zaton za ta gaji. Inna ta ce in gaya muku kuɓewar ta kusa bushewa, amma tana da barkono buhu guda da bai ga rana ba tukuna.

Wassalam.

'Yarku,
Hauwa'u, 'yar yayar Mati,
Unguwar Marke.